Talata: bariyabul biyu, aiki ɗaya

Tun kafin bakwai aka kira ni daga layin buga bokiti, wai tabulet ɗin da ke nuna wa ma'aikata matakan aiki ta ƙi karɓar sabon tsarin da aka ɗora jiya da dare, sai jan rubutu take fitarwa wai akwai bariyabul mai wannan suna tun can (bariyabul shi ne gurbin da manhaja ke ajiye bayani a ƙarƙashin wani suna). Kafin in iso Sharada 'yan shif ɗin safe sun koma takarda da biro, raina bai so ba sam, don abin da aka rubuta a takarda rabinsa ba ya komawa kwamfuta.

Ashe kwafo matakai aka yi daga tsarin kujerun roba aka zuba a na bokiti don a rage aiki, to kuma duk matakin da ka kwafo da nasa bariyabul yake tahowa, shi ne bariyabul mai suna lambar_kaya ya zama biyu. Oga na tsaye a kaina yana cewa in goge ɗaya kawai a ci gaba, na ce ranka ya daɗe a yi min haƙuri zuwa azahar, in na goge wanda sikana ke zuba bakod a ciki gobe ba wanda zai san bokitin da ya fito daga wane buhu. Na bi mataki mataki ina duba wane umarni ne ke rubutawa, wane ne ke karantawa. Bariyabul ɗaya lamba aka saita shi, ɗaya rubutu, kuma na lamba cinye sifirin gaba yake, 0045 ya koma 45. Na bar na rubutu, na maida duk umarnan kansa, sannan na goge ɗayan.

Amma wallahi abin da ya ɗaga min hankali ba shi ba ne, don shi aƙalla ya yi ihu. Ina cikin duba jerin bariyabul ne idona ya faɗa kan zafin_inji da Zafin_Inji, manhajar ba ta ce uffan ba, saboda a wajenta babban baƙi da ƙarami sunaye biyu ne daban. Ma'aikaci zai rubuta 230 a ɗaya, shi kuma umarnin da aka sa ya yi gargaɗi in zafi ya fita daga 200 zuwa 260 yana leƙa ɗayan, wanda ba komai a ciki. Kenan ko mutum ya rubuta 300 allo kore zai nuna masa ya ci gaba, roba ta ƙone, bokiti ya fito yana tsagewa, a zo a kama yaron da ke kan inji da faɗa alhali abin da allo ya ce masa ya bi. Wannan ya tsaya min a rai sosai.

Na haɗe su, na gwada a yanayin gwaji da 300 da gangan, gargaɗi ya fito ja, sannan na saki sabon tsarin bayan la'asar. Na roƙi Oga daga yau duk suna da ƙananan baƙaƙe, kuma ba mai kwafo mataki sai ya fara buɗe jerin bariyabul, ya ce to.

Saura bayanan da aka riga aka adana, suna nan a layi biyu a rahoto, gobe in Allah ya kai mu zan zauna da Hajiyar sashen duba inganci mu tace su, musamman na zafin.