Darasin da stabilaiza ta koya mini a kan tsohuwar Fijo 504

Motar da nake magana a kanta Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya sabuwa tun ina firamare, kuma ita kaɗai na roƙi 'yan'uwana su bar mini ranar rabon gado. Wannan ƙira ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan bayan kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 ta zama motar ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobin tasha a duk faɗin Arewa. An san ta da laushin tafiya, domin an yi mata sifirin mai dogon numfashi wanda yake haɗiye gargada. Sai dai wannan laushin yana da farashi, kuma na fara biyansa ne a hanyar Jos, a kwanonin da ke tsakanin Nabordo da Toro, inda motar take kwantawa gefe ɗaya har wanda yake kujerar baya ya nemi abin riƙewa.

Abin da aka ɗora wa alhakin hana wannan kwanciya shi ne ƙarfen da makanikai suke kira stabilaiza. Sanda ce ta ƙarfen sifirin da aka lanƙwasa bakinta biyu, tsakiyarta a ɗaure a ƙarƙashin mota da bushin biyu, wato robobin da take juyawa a cikinsu, kowane baki kuma yana haɗe da ƙafar taya ɗaya. Idan tayoyin biyu suka hau tudun rage gudu a lokaci guda, sandar tana juyawa ne kawai cikin bushin ɗinta ba tare da ta yi wani aiki ba. Amma idan aka shiga kwana, nauyi ya danne tayar waje, ta ciki kuma ta saki, sai sandar ta murɗe kamar yadda ake matse wanki, kuma turjiyar da take yi wa wannan murɗiya ita ce take miƙar da jikin motar.

Na yi odar wata mai kauri daga waje, wadda ba ta kamfani ba, ta fi ta asali da milimita huɗu, ina ganin bambancin ƙarami ne. Na kai ta garejin wani dattijon makaniki a nan Bauchi wanda ya shekara fiye da talatin yana taɓa irin wannan motar. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya ce, "Ɗana, wannan na masu tsere ne a kan titi mai santsi kamar faranti, ba na hanyar Dass ba." Na ce, "Baba, a dai gwada." Ya ɗaura mini ita bisa nacina.

Daga baya ne na fahimci lissafin da ke bayan maganarsa, kuma shi ne abin da nake so duk mai tsohuwar mota ya riƙe. Taurin sandar ba ya ƙaruwa daidai da kaurinta. Yana ƙaruwa ne da kaurin idan aka ninka shi da kansa sau huɗu. Ma'ana, wanda ya tashi daga milimita 20 zuwa 22 ya ƙara tauri da kusan kashi 46 cikin ɗari, wanda kuwa ya tashi daga 20 zuwa 24 ya ninka taurin har ya ɗan haura biyu. Tsawon hannun sandar ma yana da tasiri, domin gajeren hannu ya fi dogo tauri ko da kaurinsu ɗaya ne. Abin da ido yake gani ƙarami, a ƙarƙashin mota babban sauyi ne.

Kwanciyar ta ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma motar ta zama wata daban. Idan taya ɗaya ta faɗa rami, sandar tana ɗauko bugun ta miƙa wa ɗaya gefen, sai jikin motar gaba ɗaya ya girgiza, kuma a hanyoyinmu ramin da yake cin taya ɗaya ya fi wanda yake cin biyu yawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a kwana, inda nake karya sitiyari amma hancin motar yana neman zarcewa gaba, saboda gaban da aka taurara fiye da baya yana ɗora wa tayar waje nauyin da ya fi ƙarfin riƙonta. Kafin damina ta ƙare, ƙarfen da yake riƙe bushin na hagu ya tsage a wurin da tsatsa ta riga ta ci, domin an yi shi ne don ɗaukar ƙarfin sandar asali.

Wani ya ba ni shawarar in taurara bayan ma don su daidaita. Ban karɓa ba, kuma ba zan ba kowa wannan shawara da sauƙi ba. 504 da tayoyin baya take ja, kuma bayan da ya yi tauri da yawa yana iya zamewa ya juyo da mota a kan jiƙaƙƙen titi, wanda ya fi zarcewar hanci haɗari nesa ba kusa ba ga direban da bai saba ba, balle mota ce da nake ɗaukar iyali a cikinta.

Da muka sauke ƙafafun gaban motar gaba ɗaya sai ga ainihin ciwon. Shokazoba biyun gaba sun daɗe da mutuwa, bushin na stabilaizar asali sun bushe sun tsattsage har sandar tana wasa a cikinsu kafin ta fara riƙo, sannan robobin da ke bakinta sun lotse. Rabin kwanciyar da nake kuka da ita daga nan take. Muka sauya waɗannan duka, aka duba bol joyin da tayarod, aka yanke wurin da ya yi tsatsa aka yi masa walda da sabon faranti mai kauri, sannan na samo sanda wadda ta fi ta asali da milimita biyu kacal.

Yadda Baba ya ɗaura ta ya cancanci a faɗa. Ya ƙi yarda a gasa sandar da wuta don a lanƙwasa ta, kuma ya hana a taɓa ta da walda, domin zafi yana kashe ƙarfen sifirin ya bar shi ya karye wata rana. Ya shafa wa sababbin bushin masu tauri giris ɗin da ya zo tare da su, saboda irinsu suna yin ƙara idan sun bushe. Bai ɗaure notuna tamau ba sai da aka sauke motar daga jak, tayoyinta huɗu suka zauna a ƙasa a kan ramin gareji, don kada bushin su kasance a murɗe tun motar tana tsaye. Ya kuma karya sitiyari zuwa ƙarshen dama da hagu yana leƙawa, ya tabbatar sandar ba ta gogar taya ko tiyon birki.

Bayan an yi mata alaimen, na gwada ta a hanyar Gombe har gadar Dindima, na dawo. Har yanzu tana ɗan sunkuyawa a kwana, kuma na bar mata wannan da gangan, amma yanzu a hankali take yi, tana tsayawa a inda nake tsammani, kuma laushin da na santa da shi tun ina yaro a kujerar baya ya dawo. Bayan mako biyu na mayar da ita gareji aka sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya, aka samu guda a gefen dama ya ɗan saki, Baba ya ƙara masa ɗauri.