Tsohon kubrin ƙarfe na Khartum, wanda da can yake ɗagawa jirgi ya wuce

Duk wanda ya taɓa zama a Khartum, babban birnin Sudan, ya hau kubrin nan, wato gada, ko a bas ko a amjad (ƙaramar motar haya) ko a ƙafa, wanda ya haɗa cikin gari da Bahri (Khartum ta Arewa) ta kan kogin Nilul Azrak, wato Shuɗin Nilu, dab da jami'ar Khartum. Raksha (keke napep) ce dai ba a bari ta hau. Amma mutane da yawa, har da waɗanda aka haifa a garin, basu san cewa wani ɓangare nashi an ƙera shi ne don ya riƙa ɗagawa sama jirgin ruwa ya wuce ta ƙasa sannan ya sauko ya koma yadda yake ba, kowa dai ya matsu ya fita daga cunkoso ya isa inda zashi, wa ke da lokacin kallon ƙarfe.

Ni kawuna ne ya sa muka taka shi da ƙafa, kafin yaƙin Sudan ɗin nan ya ɓarke a 2023. Ya zo daga Maiurno, garin mutanenmu 'yan asalin ƙasar Hausa kusa da Sinnar, ganin likita, kuma tsohon ma'aikacin sikka hadid ne, wato hukumar jirgin ƙasa, irin mutanen nan da in suka ga layin dogo sai sun tsaya sun duba ko kusoshin sun kwance. Da yamma bayan la'asar yace ɗan nan tashi ka raka ni, nace Kawu ga zafi ga ƙafarka, yace ƙafar tawa ce ko taka.

An fara aikin a 1907 aka gama a 1909, tsawonsa mita 560. Kamfanin Cleveland Bridge na garin Darlington a Ingila ne ya yi, injiniyan kuma wani Bafaranshe ne Georges Imbault, shi ne dai wanda ya jagoranci kafa gadar nan ta kan gangaren ruwan Victoria a kogin Zambezi da aka gama a 1905. Lokacin ko jirgin ƙasa bai iso Kano ba tukuna fa. Kamfanin ya durƙushe a 2021, ya bar aikin hannunsa yana ɗaukar motoci.

To ga matsalar da masu aikin suka tarar. Layin dogon da ya taho daga Wadi Halfa ya iso gaɓar Bahri tun ƙarshen 1899, a nan ya ci birki saboda kogi. Shi kuma jirgin ƙasa baya son hawan tudu, ba zaka iya cilla gada can sama kace ya hau ba, dole ta kwanta ƙasa-ƙasa daidai da gaɓa. Amma kuma a zamanin kogin shi ne babban titi, ga jiragen hayaƙi masu dogon bututu ga na filafilai masu dogon itace a tsakiya, in ka shimfiɗa musu ƙarfe a gaba ka rufe musu hanya kenan. Shi ne suka ce to a bar sauran gadar a kafe, a ware yanki ɗaya ya zama ƙofa.

A nan Kawu ya tsaya, ya dafa ƙarfen da sandarsa a ɗaya hannun, motoci na wucewa kubrin na ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafarmu, wlh sai da cikina ya kaɗa, shi ko ko a jikinsa. Yace ka san jigo da ake ban ruwa da shi a lambu? Guga a gaba, curin laka a baya, yaro ƙarami ma sai ya ɗago ruwa da hannu ɗaya. Haka abin yake. A bayan yankin da ke ɗagawa an ɗora nauyi mai yawan gaske wanda ya kusa yin daidai da nauyin ƙarfen da ke gaba, saboda haka injin ba wai ɗaukar gadar yake ba, ɗan rinjaye kawai yake bayarwa sai nauyin baya ya yi sauran aikin. Kuma ba a kan sanda ɗaya yake juyawa ba, gindinsa a lanƙwashe yake, mirginawa yake yi da baya yana ɗagawa, sai bakin ya buɗe sosai jirgi ya samu sarari. Duk wahalar tana wajen lissafi, in nauyin baya ya yi yawa ba zata zauna ba, in ya gaza ba zata tashi ba, kuma in ta sauko dole bakin dogo ya haɗu da bakin dogo cif, in ba haka ba jirgin ƙasa ya sauka daga layi a tsakiyar kogi. Babu kwamfuta babu kalkuleta, takarda ce da fensir.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ni kuma kusoshin ne. Babu walda, duk inda ka kai ido kawunan kusa ne a jere dunƙule-dunƙule, fenti kan fenti ya rufe su har wasu sun yi sumul. Kawu yace da zafinta jajir ake zura kowace ɗaya, mutum ɗaya ya tare ta baya wani ya daka kan da guduma, in ta huce sai ta tsuke ta damƙe ƙarafan biyu gam. Ka duba ranar Khartum sannan ka ƙara da wutar maƙera. Sunan injiniya ne ke yawo a littafi, amma ni masu gudumar nan nake jinjina wa. Ga kogin shi kanshi ba abin wasa ba, in damina ta sauka a duwatsun Habasha wajen watan Agusta zaka ganshi ja wur da laka yana tafe da ƙarfi, ƙafafun kubrin sun sha wannan dukan sama da shekara ɗari.

Yanzu kam an daɗe da daina buɗe shi, mota da jirgin ƙasa sun ƙwace cinikin kogi. Yana da 'yan uwa ma, na Kosti kan Farin Nilu na 1910 da tsohon kubrin Umdurman na 1926, amma su ƙofarsu juyawa take yi gefe ba ɗagawa ba.

Turawa dai don auduga da ƙaro suka yi abinsu, a kwasa a kai Port Sudan, ba don Allah ba kuma ba don mu ba. Sai dai da aka ƙetare kogin layin ya miƙe Madani da Sinnar da Kosti har Ubayyid kafin yaƙin duniya na farko, kuma wannan ya shafi kakanninmu kai tsaye. Mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Turawa suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru, da waɗanda suka biyo bayansu da niyyar hajji a ƙafa, in mutum ya iso Ubayyid ya yi ƙwadago ya tara kuɗin tikiti, sauran hanyar zuwa bakin Bahar Maliya sai a jirgin ƙasa, kuma ta kan wannan ƙarfen zai bi. Kawu yace mahaifinsa ta nan ya wuce, ya dawo ya zauna noman auduga a yankin Jazira, kudu da Khartum, bai sake komawa gida ba.

Shawara ɗaya ga wanda Allah ya nufa zai je in an samu lafiya, kada ka ciro waya kace zaka ɗauki hoto. Tun kafin yaƙi ma haramun ne ɗaukar hoton gada a Sudan, ni ina ɗaga tawa wani mai kaki ya ɗaga min yatsa daga nesa na mayar aljihu ba musu, balle yanzu da aka karya kubrin Shambat, wanda ya haɗa Bahri da Umdurman, a Nuwamban 2023, kowa a tsorace yake da duk wanda ya tsaya yana ƙare wa gada kallo.