Bindigar giris mai aiki da iska a garejinmu

Garejinmu yana Kura, kuma yawancin abin da ke shigo mana taraktoci ne da tifofin yashi da injinan casar shinkafa. Duk ƙarafa ne masu cin giris. A da, da famfon hannu muke ɗurawa, kuma na lura kullum da abu guda: kafin yaro ya zagaye tarakta hannunsa ya gaji, sai ya tsallake bakunan giris ɗin da ke can ƙarƙashi, inda sai ya kwanta a ƙasa. Wuraren ne kuwa suke fara cinyewa. Tun da muna da kwamfaresa ta hura taya da feshin fenti, sai na sayo bindigar giris mai aiki da iska.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Iska mai ƙarfin bar 6 zuwa 8 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana tura babban fistin, shi kuma ya tura ƙarami, sai ƙarfin ya ninka sau 40 ko 50, gwargwadon irin bindigar. Ke nan idan ka ba ta bar 7, giris na iya fitowa da ƙarfin bar 350. Sil na roba kuwa, wato robar da ke tare giris kada ya yi yoyo, yana iya fashewa tun a wajen bar 35.

Nan ne na fi so masu sana'armu su tsaya su duba. Da famfon hannu, hannunka ne ke ba ka labari. Idan wuri ya cika za ka ji mariƙin ya yi tauri, idan hanya ta toshe za ka ji ya ƙi danuwa. Bindigar iska ba ta gaya maka komai. Kai dai kana jin tas, tas, tas, ita kuma tana ta turawa, ko wurin yana buƙata ko ba ya buƙata. Wasu ma in ka riƙe kunamar ba sa tsayawa sai ka saki.

Saboda haka na ɗauko ƙaramin sikeli, na danna sau 10 a kan leda, na auna, na raba, na san giram nawa take fitarwa a danni ɗaya. Na rubuta da fenti a jikinta. Ga boris kuma akwai lissafin da kamfanin SKF ke bayarwa: faɗin boris na waje a milimita, sau kaurinsa, sau 0.005, abin da ya fita shi ne giram ɗin da za a ƙara. Boris mai lamba 6310 faɗinsa 110, kaurinsa 27, abincinsa kusan giram 15 ne. Mai lamba 6205 bai kai giram 4 cikakku ba. Wani yarona da ya ga haka sai ya ce, “Oga, wannan ai bai kai cokali ba.” Na ce masa haka ne, kuma ya ishe shi. Giris in ya yi yawa, ƙwallayen boris su yi ta dama shi, wurin ya ɗau zafi, man da ke cikinsa ya tsiyaye ya bar busasshen dasƙare.

Amma ba ko'ina ake aunawa ba. Fin da bush na tarakta ko na tifa, da sitiyari da mahaɗar farfela, ana ɗurawa ne har a ga sabo ya turo tsohon baƙin giris waje, don shi ne ke fito da ƙasa da ruwan da suka shiga. A irin waɗannan wurare bindigar iska ba ta da na biyu. Tarakta ya fito daga gonar shinkafa da laka har wuya, cikin ɗan lokaci an gama da shi, babu bakin da aka tsallake.

Motar lantarki mai juya injin casa kuwa na hana a kusance ta da bindigar. Giris ɗin da ya fasa sil ba waje yake fita ba, ciki yake shiga ya kwanta a kan kwayil. Ƙari kuma, yawancin irin waɗannan motocin injin da wani nau'in giris da ake kira polyurea suke zuwa, mu kuma nau'in lithium mai lambar kauri 2 ne a bindigarmu, kuma haɗa su yakan lalata duka biyun. Don haka tsohon famfon hannu yana nan na ware masa wannan aikin da nasa giris ɗin. Boris ɗin da ke rufe gefe biyu, mai 2RS a lambarsa, ba a ma ɗura masa komai.

Da damina tankin kwamfaresa yana tara ruwa sosai, dole a buɗe ƙasansa kullum, in ba haka ba ruwan ya bi tiyo ya sa bindigar tsatsa. Ɗigon mai kaɗan a mashigar iska yana tsawaita ranta. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: a goge bakin giris da tsumma kafin a ɗora, don duk yashin da ke kai ciki za ka tura shi. In ka canza kwalin giris, mai giram 400 ɗin nan, ka ji tana bugawa ba ta fitarwa, iska ce ta maƙale, a sassauta kanta ko a danna ɗan bawul ɗin sama har giris ya leƙo.

Akwai dokar da ba na sassauci a kanta. Ba a sa yatsa a bakin tiyo don a gwada ko yana fitowa, ba a kuma lalubar wurin yoyo da hannu, kuma sai an cire tiyon iska kafin a kwance bindigar. Giris mai wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama. Raunin ɗan ƙarami ne a ido, da farko ma ba ya ciwo sosai, amma in aka yi jinkiri ana iya rasa yatsan. Na gaya wa yarana, duk wanda haka ta same shi kada ya tsaya kemis, a kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita giris ne ya shiga da ƙarfin inji, a tafi da kwalin giris ɗin a nuna masa.