RAM na nan, amma a wane rumbu? Duba inda manhaja ta ajiye kayanta a saba mai furosesa biyu

Tsofaffin saba (manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) masu furosesa biyu, irin su Dell R730 da HP DL380, sun yawaita a ɗakunan kwamfuta na makarantu da cibiyoyin jarrabawa a nan Katsina, saboda na gwanjo ba su da tsada. Ƙorafin da ake yi a kansu kusan iri ɗaya ne: umarnin free ya nuna RAM ta wadata, furosesa ba ta cika ba, amma rumbun bayanai yana jan ƙafa. Sau da yawa matsalar tana inda RAM ɗin take ne.

A irin wannan inji kowace furosesa tana da nata layin RAM, kamar gida biyu kowanne da rumbunsa. Furosesa da RAM ɗinta su ne shiyya guda, tsarin kuma sunansa NUMA. Ɗibar hatsi a rumbun maƙwabci halal ne, sai dai dole a zagaya ta ƙofa, kuma ƙofar ɗaya ce ga kowa. Fara da numactl --hardware. Zai lissafa shiyyoyin, ƙwayoyin furosesar kowacce, girman RAM ɗinta da abin da ya rage, sannan teburin tazara a ƙasa. Lamba 10 tana nufin gida, a injin Intel mai soket biyu kuma galibi za ka ga 21 tsakanin shiyya 0 da ta 1. Kar ka ɗauki lambobin a matsayin awon lokaci, kiyasi ne da BIOS ya miƙa wa Linux. Ka kuma lura da girman: wanda ya haɗa injin yana iya cusa sandunan RAM 96GB a gefe ɗaya ya bar 32GB a ɗayan.

Daga nan nemo lambar manhajar da pidof, ka ba numastat -p wannan lamba. Tebur zai fito a megabait, ginshiƙi ɗaya ga kowace shiyya, da layuka huɗu: Huge, Heap, Stack, Private. Yawancin kaya a Private suke taruwa, don haka layin jimilla na ƙasa ya fi amfani. Wasu suna buga numastat zalla, su ga numa_miss da other_node sun kai miliyoyi, hankalinsu ya tashi. Waɗannan ƙirgen shafuka ne (ƙananan gutsattsarin da Linux ke raba RAM a kansu) na injin gaba ɗaya tun daga kunna shi, kuma suna ƙirga lokacin rabon shafi ne kawai, ba sa faɗin sau nawa aka karanta shi daga nesa.

Ainihin bayanin yana cikin /proc/lambar/numa_maps, wanda yake a Linux tun 2.6.14. Ga misalin layi guda:

7f3a40000000 default anon=2883584 dirty=2883584 N0=262144 N1=2621440 kernelpagesize_kB=4

Na farko adireshi ne, default kuma ƙa'idar rabo ce, inda kake iya ganin bind:0 ko interleave:0-1. N0 da N1 yawan shafuka ne a kowace shiyya. Ninka da girman shafi: 262144 sau 4kB ya ba da 1GB a shiyya 0, 10GB kuma suna shiyya 1. Nan ake yawan tuntuɓe, domin in layin na manyan shafukan hugetlbfs ne, girman zai zama 2048, duk wanda ya ninka da 4 kuma lissafinsa zai ragu sau 512. Layin da ke ɗauke da file= na fayil ne, ƙila wasu manhajoji ma suna amfani da shafukan, kar ka ɗora wa ɗaya duka. Kuma kada a sa wannan fayil cikin abin da ke karantawa kowace daƙiƙa, saboda kanel, wato zuciyar Linux, sai ya bi teburin shafuka ɗaya bayan ɗaya kafin ya amsa, a manhaja mai 100GB abin yana da nauyi.

Ganin 10GB a shiyya 1 ba laifi ba ne shi kaɗai. Sai an san inda zarurrukan manhajar, wato ƙananan ayyukan da take gudanarwa a lokaci guda, suke gudu. ps -L -o tid,psr -p lambar zai nuna ƙwayar da kowane zare yake kai, ka gwada da jerin da numactl ya ba ka. In suna shiyya 1, komai lafiya. In suna shiyya 0, to ka kama ɓarawon.

Yadda abin ke faruwa kuwa, Linux ba ya ba da shafi lokacin da manhaja ta nema, sai lokacin da ta fara taɓa shi, kuma a shiyyar zaren da ya taɓa. Zare guda da ya share duk wurin ajiya a farkon tashi zai tara komai a gefensa. In shiyyar ta cika, ragowar ya malala zuwa ɗayar. Shi ya sa saba take yin kyau yau, a ɗauke wuta inbata ta gaza, ta sake tashi gobe da wani hali daban.

Manhajar da ta shiga shiyya guda, a ɗaure ta da numactl --cpunodebind=0 --membind=0. Amma membind ba ya sassauci: shiyyar na cika, sai a koma suwaf (ajiye kayan RAM a faifai) ko kanel ya kashe manhajar, alhali rumbun maƙwabci a buɗe yake. A ganina --preferred=0 ya fi aminci ga wanda bai auna sosai ba. Babban rumbun bayanai da ya fi ƙarfin shiyya ɗaya kuma, --interleave=all ya fi dacewa da shi, MySQL ma tana da innodb_numa_interleave don haka. Ga wadda take gudu ba a son tsayar da ita, migratepages lambar 1 0 zai kwashe shafukan daga shiyya 1 zuwa 0, a yi shi da daddare bayan ɗalibai sun tashi.

In lscpu ya nuna shiyya ɗaya a inji mai soket biyu, leƙa BIOS, ƙila an kunna Node Interleaving. A cikin kwamfutar KVM (wadda ke gudu a cikin wani injin ta manhajar qemu) ma haka za ka gani in ba a saita mata NUMA ba, don haka sai ka koma kan uwar injin ka ba numastat -p lambar qemu ɗinta.