Asabar, filin su Auta

Yau da daɗi ta fara. Umma ta yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, har ƙari na yi. Shago ma ba laifi, an ɗan taɓa ciniki kafin azahar.

Bayan la'asar na ce bari in leƙa filin su Auta, tunda kullum mitarsa ke nan, wai ba na zuwa kallonsa. Wasan sada zumunci ne da yaran unguwar gaba, duk 'yan ƙasa da shekara 13. Ba a jima da farawa ba aka miƙo masa ƙwallo a gefen dama, ya kai ƙafa zai tare, ta zille ta ƙasa, wani dogon yaro ya ɗauka ya zura a raga. Filin nan kuwa kowa ya san shi, rabi yashi rabi tsakuwa, ƙwallo inda ta ga dama take tsalle.

Koci bai jira hutun rabin lokaci ba. Daga bakin layi ya ɗaga murya: "Kai jaki! Daƙiƙi kawai! A gidanku haka aka koya maka?" 'Yan kallo suka kwashe da dariya, har da yarinyar da ke tallar ruwan leda.

Bai cire shi ba, kuma wallahi da ya cire shi da ya fi mini sauƙi. Yaron da ke yanke kowa a ƙofar gida, wanda ya nace sai da na sayo masa riga mai lamba 7 saboda Ahmed Musa, sai ga shi yana laɓewa a bayan ɗan ɗaya ɓangaren don kada a ba shi fas. In ƙwallo ta zo masa dole, sai ya ɗirka ta gaba, ko ina ta faɗi, ya waiga ya duba fuskar Koci. Har aka busa tashi haka yake yi. An ci su 2-1. Sauran na shan ruwa, shi yana tsallen kwaɗo daga wannan raga zuwa waccan.

Na bari yara suka watse, na sami Koci yana zuba ƙwallaye a buhu. Muka gaisa. Na ce, "Koci, sannu da ƙoƙari. Amma yaron nan na ɗazu, ba a yi masa da zafi ba kuwa?"

Dariya ya yi. "Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta ɗauka har sau 5, da lallashi aka ɗauko? Ferguson ma takalmi ya shura ya fasa wa Beckham gira, ka ga ya lalace?"

Wannan labarin kam na san shi. A 2003 ne, Ferguson yana kocin Manchester United, Beckham yana ɗan wasansa, bayan Arsenal ta ci su 2-0 a kofin FA. Na ce masa lokacin Beckham shekararsa 27, shi ne kyaftin ɗin Ingila, kuma a ɗakin canza kaya abin ya faru, ba a gaban 'yan talla ba. Kuma shekarar ba ta ƙare ba ya tattara ya koma Real Madrid. Ya ɗaure bakin buhunsa ya ce, "To, ku 'yan gidan kallo ai kun fi mu sanin ƙwallo." Muka yi sallama ba yabo ba fallasa.

Ba na raina mutumin nan. Ba wanda ke biyansa ko sisi, ƙwallayen nan da kuɗinsa ya saya, kuma albarkacinsa yara da yawa ba su san zaman majalisar 'yan shaye-shaye ba. Wanda ya makara ya zagaya fili, wanda ya tsallake Islamiyya ya zauna a benci, duk ina goyon bayansa, in ya so ma ni zan riƙe masa usur. Makara da lalaci da rashin kunya yaro ne ya zaɓa. Amma ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan shekara 12 a kan tsakuwa, me zagi zai gyara a nan? A nuna masa yadda zai ajiye ƙafa, a sa shi ya maimaita har ya gaji, wannan ma ai horo ne. Ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Iceland a 2018, sai da ya yanke gola kafin ya buga. Mai tsoron kuskure ba ya gwada irin wannan, tun daga nesa zai rabu da ita.

A gida Baba ya goyi bayan Koci, ya ce su da suka sha bulala a makarantar allo me ya same su. Umma dai tsaki ta yi ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan isha'i Auta ya shigo ɗakina, ashe ya hango mu daga nesa. Ya ce, "Yaya, don Allah kar ka ƙara yi wa Koci magana, zai ajiye ni a benci ranar Asabar." Na ce to.

Gobe akwai ɗaurin aure a Gwammaja ƙarfe 11, kuma tela bai ba ni ɗinkina ba har yanzu.