Ni ne ƙanen da ya tafi karatu

Ana saura kwana kaɗan a tafi hutun Kirsimeti, malamarmu ta tarihin fina-finai ta kashe fitilun aji ta kunna mana wani tsohon fim baƙi da fari. Shekarata ta farko ke nan a Amurka ina karatun digiri na biyu, sanyi ya riga ya hana ni fita sai dole. Fim ɗin shi ne It's a Wonderful Life na Frank Capra, wanda ya fito a watan Disamba na 1946. Tun kafin ya fara na ga ajin ya rabu biyu. Wasu suna gyara zama kamar an kawo musu tuwon gida, wasu kuwa suna tsaki ƙasa-ƙasa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, labarin George Bailey ne, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa. Saurayi ne a wani ƙaramin gari na ƙirƙira mai suna Bedford Falls, ba shi da buri sai na barin garin ya ga duniya, ya yi karatu, ya gina gadoji da dogayen benaye. Duk sanda ya ɗaure akwati sai wani abu ya gifta. Mahaifinsa ya rasu, dole ya riƙe ɗan kamfanin ba da rancen gina gida da tsohon ya bari, don kada attajirin garin, Potter, ya haɗiye shi. Kuɗin makarantarsa ya miƙa wa ƙanensa Harry, a kan in ya gama zai dawo ya karɓe shi. Harry ya dawo da mata da tayin aiki a wurin surukinsa, George ya ce masa je ka abinka. Ranar auren George jama'a suka yi cincirindo za su kwashe ajiyarsu, dala 2,000 da shi da amarya suka tanada don tafiya ita aka rarraba. A jajibirin wata Kirsimeti baffansa ya yi sakaci da dala 8,000 ta kamfani, kuɗin suka faɗa hannun Potter, ya yi gum da bakinsa. George ya hango gidan yari, ya nufi gada zai faɗa kogi. Sai aka aiko masa mala'ika ya nuna masa yadda garin zai lalace da ba a haife shi ba. Ya dawo gida a guje, ya tarar mutanen gari sun yi karo-karo, kuɗi har sun fi wanda ya ɓata.

Da aka kunna fitila, wasu na share hawaye. Ɗaya ya ce ba a yin Kirsimeti a gidan kakarsa sai an kalle shi. Wata ta ce ita ba ta ga komai ba sai mutumin da aka kashe wa buri sau huɗu sannan aka ce ya yi godiya. Matan ajin kuma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne makomar matarsa Mary: a duniyar da babu George, mafi munin abin da fim ɗin ya iya hango mata shi ne ba ta yi aure ba, tana aiki a laburare da tabarau a fuska.

Ni ma ina ɓangaren masu tsaki, sai dai dalilina daban ne. Nuna mala'ika a siffar wani tsoho mai shirme bai kwanta mini ba, amma na bar wannan gefe, tunda ba don ni aka yi ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bos bai mutu ba. A gidan kallon unguwarmu, inda muke kashe kuɗin barka da sallah a kan fina-finan Indiya, fim bai ƙare ba sai an ga ƙarshen bos, in ba haka ba mai gidan kallo zai sha surutu. Ga Potter ya ci dala 8,000 ta marayan kamfani, kuma har aka rubuta ƙarshe ba wanda ya taɓa ko hularsa. Talakawan da yake tatsa su ne suka biya.

Da aka ba mu jinga a kan fim ɗin sai na ga ta samu. Na kwashe hutun a ɗaki ina tono, kuma abin da na tono ya yi mini daɗi. Lokacin da fim ɗin ya fito bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. An sa shi takarar kyautar Oscar a rukuni 5, bai ci ko ɗaya ba, sai wata lambar fasaha da aka ba masu haɗa dusar ƙanƙarar ƙarya, don a tsakiyar zafin Kalifoniya aka ɗauke shi. A 1947 har hukumar FBI ta rubuta a wani rahoto cewa ɓata masu banki da aka yi a ciki dabarar 'yan kwaminisanci ce. Daga nan aka kusan mantawa da shi. A dokar Amurka ta wancan zamani, haƙƙin mallaka shekara 28 yake yi sai an sabunta. A 1974 ba a sabunta na wannan fim ba, ya zama kamar akuyar da ba mai ita. Tashoshin talabijin suka samu abin cike gurbi da arha, suka yi ta haska shi kowace Disamba, safe da dare, kusan shekara 20. Sai a 1993 kamfanin Republic Pictures ya dawo da ikonsa ta hanyar haƙƙin gajeren labarin da aka gina fim ɗin a kai da kuma kiɗan ciki, daga 1994 kuma tashar NBC ta riƙa nuna shi. Hujjata ta tsaya da ƙafarta: wannan soyayya ba ta fim ba ce, sakacin wani ma'aikacin ofis ne ya haife ta. Sabo turken wawa. Har karin maganar na fassara musu na sa a ciki, ina jin kaina.

Malamar ta kira ni ofis a farkon sabon zango. Ta ce tarihin daidai ne, ba ta da gyara. Sannan ta tambaye ni ko na san fina-finai nawa ne haƙƙinsu ya faɗi ta wannan hanya a waɗannan shekaru. Na ce da yawa. Ta ce to duk an haska su da arha, me ya sa ba a kuka a kansu? "Ka gaya mini yadda ya shiga gidajen mutane," in ji ta, "ba ka gaya mini abin da ya sa bai fita ba. Je ka zauna da masu kukan."

Na fito raina a ɓace, don a ganina an hana ni maki ne kawai saboda na taɓa musu abin kakanni. Amma na je. Na ɗauka rabuwar tsakanin tsofaffi da matasa ce, ko tsakanin waɗanda suka tashi da fim ɗin da irinmu baƙi. Ko kusa. Wanda ya fara rushe mini lissafi shi ne dattijon da ke kula da ginin da nake haya. Ya ce yana kallonsa duk shekara, kuma duk shekara yana kashewa kafin ƙarshe. Abin da yake jira shi ne wurin da George ya dawo gida a daren da kuɗin suka ɓata, ya rufe 'ya'yansa da faɗa, ya zazzagi malamar 'yarsa a waya, ya sa ƙafa ya watsar da 'yan samfuran gada da benaye da ya ƙera a lungun falo. Dattijon nan ya so ya shiga aikin jirgin ruwa, jinyar mahaifiyarsa ta riƙe shi a garin da aka haife shi. Ya ce wannan wurin kaɗai ne gaskiya, kwandon kuɗin karo-karon da aka kawo wa George kuwa bai taɓa ganin an kawo wa kowa irinsa ba. Wata mata a laburarenmu, ita ma ta zauna ne ta raini ƙannenta, ta ce ita kwandon take jira, ko a fim ne a ce an gani an gode. Su biyun hali ɗaya suka shiga, amma ba fim ɗaya suke kallo ba.

Waɗanda suka fi son sa ba tare da wata damuwa ba, na lura, su ne waɗanda suka tafi. Suna dawowa gida sau ɗaya a shekara, su zauna kusa da wanda ya tsaya, fim ya tabbatar musu alheri danƙo ne, an biya shi, ba a bin su bashi.

Na sake kallonsa ni kaɗai a kwamfuta. Akwai wani wuri a tashar jirgin ƙasa da ban kula da shi ba a kallon farko. George ya zo tarbar Harry yana ta zumuɗi, don yau zai sauke kaya. A nan ya ji maganar aikin suruki. Kyamara ta tsaya a fuskarsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ƙaƙaro murmushi ya bi bayan amarya yana yi mata fara'a. Stewart bai daɗe da dawowa daga tuƙin jirgin saman yaƙi ba lokacin da ya yi wannan fim, kuma fuskar ba ta yi kama da ta mai wasa ba. A nan na gane abin da ya sa nake ta neman a hukunta Potter. Da an kama shi, magana ta ƙare, an samu mai laifi. Amma ba Potter ne ya ɗaure George a garin ba. Mahaifinsa ne, da matarsa, da mutanen da suke son sa, da ƙanensa.

Yayana ya samu gurbin jami'a a shekarar da mahaifinmu ya rasu. Bai je ba. Ya zauna a rumfar hatsin tsohon, daga ita aka biya mini kuɗin sakandare da na jarrabawa da na jami'a, har kuɗin fasfo. Babban wa magajin uba, haka kowa ya ce, ni ma haka na ɗauka, kamar yadda ake cewa rana na fitowa daga gabas. Na sake rubuta jingar daga farko, na bar tarihin 1974 a sakin layi ɗaya, sauran duk a kan tashar jirgin nan. Ban sa maganar gidanmu a ciki ba.

Washegari da safe na kira shi, can gida la'asar ta yi, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Yaya, barka da kasuwa."

"A'a, Bature! Ya sanyi?"

Muka gaisa, na tambayi Hajiya da yara. Sannan na ce, "Yaya, wai lokacin da ka samu jami'a, me za ka karanta?"

Ya yi dariya. "Kai kuma ina ka tono wannan tsohon zance?" Ya ɗan yi shiru. "Injiniya. Na ruwa, irin masu gina dam." Sai na ji ya ɗaga murya yana cewa wani ya sauke buhun a can gefe. Ya dawo kaina ya ce masara ta tashi, kuma in riƙa sa safa in zan kwanta, zai kira ni in ya rufe rumfa.