Jaisalmer, Birnin da Ake Kwana Cikin Ganuwarsa

Da asuba jirgin ƙasa ya sauke mu a Jaisalmer, can yammacin jihar Rajastan ta Indiya, kusa da iyakar Pakistan. Rana na fitowa sai ganuwar ta bayyana a kan tsaunin Trikuta, da hasumiyoyinta 99, dukkanta da dutse rawaya aka gina ta, shi ya sa mutanen garin suke kiranta ganuwar zinariya.

Sarki Rawal Jaisal ne ya kafa ta a 1156, amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har yau dubban mutane suna zaune a ciki. Bayan na wuce ƙofofi huɗu, sai na tarar da yara suna tafiya makaranta, mata suna shanya, shanu kuma sun tare lunguna. Garin ya tuna mini da Agadas, domin shi ma ayarin raƙuma ne ya arzuta shi, kuma da fatauci ya koma tashar jiragen ruwa ta Bombay, sannan aka raba Indiya da Pakistan a 1947, sai hanyar fatake ta mutu.

Wani dattijo mai sayar da yadi ya zaunar da ni, ya ba ni shayi mai madara da citta, ya ƙi karɓar ko sisi ko da yake ban sayi komai ba. Shi ne ya nuna mini inda bango ya jiƙe. An gina wurin ne lokacin da ake auna ruwa da tulu, yanzu kuwa famfo ya shiga ko'ina, masaukan baƙi sun cika ciki, ruwan da ake zubarwa yana ratsa tushen ginin, har wasu sassa sun rushe. Wannan ya dame ni ƙwarai, kuma a ganina duk baƙon da yake ƙaunar wurin gara ya kwana a wajen ganuwa.

Shiga ganuwar kyauta ne, amma a fadar sarki kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, kuma mai sayar da tikitin ko amsa gaisuwata bai yi ba. A kasuwa ma sai an dage da ciniki.

Daga baya na ga gidajen attajirai na dangin Patwa masu sassaƙa mai ƙayatarwa, da tafkin Gadisar. Hawan raƙumi a rairayin ƙauyen Sam da ke wajen gari kuwa cunkoso ne da tsada, ban daɗe ba na juyo.